Salak ɗin da Inna Zulai ta ɗora a wuta

A Gwashi aka haifi Zulai, a can ta yi wayo, a can ta yi aure, kuma da an bar ta da zaɓinta a can za ta ƙare kwanakinta kusa da kabarin mijinta Malam Dalhatu. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, sai dai in an zo kan girki. Nan kam ko ba a tambaye ta ba sai ta tsoma baki. Tun tana budurwa gwaggonta ta ja ta a jiki wajen girkin taro. Ta fara da kankare tukunya da iza wuta, a hankali har ta kai ga riƙe muciya. Kafin 'ya'yanta su tasa, babu biki ko suna ko sadaka da za a yi a Gwashi da ƙauyukan kewaye ba a aiko mata da goro ba. Har daga Bukkuyum an sha turo mashin a ɗauke ta.

Miyar taushenta tana da daɗi, wannan kowa ya sani, amma abin da ta fi suna a kai shi ne zafi. Zulai ba ta yarda akushi ya bar hannunta ba ya tururi. Gwaggonta ta koya mata cewa abincin da ya huce kwantai ne ko da yanzu aka sauke shi, kuma wanda ya ajiye wa baƙo kwantai ya gaya masa ne kada ya sake zuwa. Zulai ta riƙe wannan magana kamar karatun salla. Sai ka gan ta a tsakiyar hayaƙi, idanu jajur, tana bin kwanuka tana ɗora bayan hannu a kan murfi. Wanda ta ji ya yi ɗumi-ɗumi sai ta ce a mayar wuta. Mata su yi ta gunaguni, baƙi na jira, ita ko a jikinta.

Da Malam Dalhatu ya rasu, zaman ƙauyukan can kuma ya koma na ɗar-ɗar, sai ɗanta Abdulbasit ya je ya kwaso ta da 'yan komatsanta ya kawo ta Gummi, inda yake koyarwa a firamare. Ya ba ta ɗaki mai siminti da fanka. Matarsa Safiya, 'yar Anka ce, ta karɓe ta hannu bibbiyu. In akwai laifin da za a kama Safiya da shi, to kirki ne ya yi mata yawa. Da Zulai ta ɗauki tsintsiya sai Safiya ta sheƙo a guje ta karɓe. Da Zulai ta doshi madafa sai ta ji, "Inna, ki huta, yanzu zan gama." Girkin ma a kan gas ake yi, abin da Zulai ke tsoro kamar maciji. Da ƙyar ta samu aka bar ta ta kafa duwatsun murhu a lungun tsakar gida don ruwan zafinta na safe.

Macen da ta saba ciyar da gari sai ta koma mai jiran a kawo mata kwano. Abin yana cin ta. Abin da ya rage mata sai baki, ta kuwa yi amfani da shi. Duk maƙwabciyar da ta shigo gaishe ta sai ta sha labarin bikin da aka yanka sa a Bukkuyum, da yadda ta tuƙa tuwon da ya ishi unguwa guda. Ba ƙarya take yi ba, sai dai takan ɗan ƙara gishiri. Ba a jima ba duk unguwar ta san cewa surukar Safiya gwanar girki ce ta bugawa a jarida.

Ita Safiya tana da nata burin. A wurin yayarta da ke aure a Gusau ta koyo haɗin salak na makaroni, irin wanda ake ajiyewa gefen shinkafa a taro. Ta taɓa kai wa maƙwabciyarsu Hajiya Maimunatu ɗan kwano, Hajiya ta ci ta lashe cokali. Da bikin 'yar Hajiya ya matso, sai ta aiko ta ce Safiya ce za ta yi salak na yinin biki, domin dangin ango daga Anka za su zo, ƙawayen amarya kuma 'yan makaranta ne, ba a so a ji kunya. Wannan shi ne aikin Safiya na farko a waje. In ya yi kyau, bukukuwan unguwar sun zama nata, in ya ɓaci kuwa ba mai sake kallon inda take. Ta yi ta zancen abin har Abdulbasit ya fara tsokanarta da Hajiyar salak.

Ranar bikin, bazara ce, tun da sassafe zafi ya fara. Zulai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta tana kallo. Safiya ta dafa makaroni ba ta bari ya yi luguf ba, ta juye a kwando ta kwarara masa ruwan sanyi. Zulai ta gyaɗa kai, don ko taliya haka ake mata kafin a mayar da ita cikin miya. Sai ga kayan lambu na bakin gulbi, kabeji da karas da kokwamba da koren tattasai da albasa. Safiya ta wanke da gishiri, ta yanka kabejin siri-siri, ta goge karas, ta yayyanka sauran ƙanana. Ta ɓare dafaffen ƙwai. Ta zuba duka a babbar roba, ta kwashe farin man nan da ake kira bama daga kwalba, ta matsa lemon tsami, ta juya a hankali.

"Kawo in taya ki ko da yanka na," in ji Zulai.

"Inna, ki huta, ai na kusa."

Zulai ta tashi daga kan tabarmar. Ta shiga ɗaki ta yi sallar walha, ta ɗan kishingiɗa. Can ta ji muryar Safiya daga bakin ƙofa tana cewa za ta wuce gidan Hajiya ta taya jera faranti, in Abdulbasit ya dawo daga ɗaurin aure ya biyo ta da robar da jarkokin zoɓo.

Da gidan ya yi tsit, Zulai ta fito. Ba da wata niyya ba, ƙafa ce kawai ta kai ta rumfa inda aka ajiye kayan. Ta tarar da wani ƙaton baho cike da ƙanƙara, jarkokin zoɓo a ciki, ga robar abincin nan an cusa ta a tsakiyarsu. Ta ɗora bayan hannu a kan murfin kamar yadda ta saba, ta janye da sauri. Sanyi ƙalau, ya fi ruwan randa.

"Wayyo ɗiyam mutane!" ta faɗa ita kaɗai. "Gaugawa ta sa ta aje abinci cikin ƙanƙaraz zoɓo. Ko ga wuta ba ta maida shi ba."

Tausayi ya kama ta. Yarinya ta tashi tun asuba, ta sha wahala, sai a je gaban dangin ango a buɗe musu kwantai? A gidan da Zulai take da rai? Amma a faɗi gaskiya, ba tausayi kaɗai ba ne. A ƙarƙashinsa akwai wani daɗi da ta daɗe ba ta ji ba, ga shi yau an wayi gari gidan nan yana bukatarta.

Nan da nan ta hura murhunta na lungu. Ta ɗauko babbar tukunya, ta zuba man gyaɗa da ɗan ruwa, ta juye robar kaf. Da wuta ta kama, farin man ya narke ya koma mai zalla yana yawo a sama. Kabeji ya yi laushi ya yanƙwane, kokwamba ta saki ruwa, ƙwai ya dagargaje, makaroni ya fara kama juna. Zulai ta ɗan tsaya tana kallo, abin bai yi mata kyau a ido ba. Sai ta ce a ranta abincin 'yan birni ne, wa ya san yadda suke son abinsu. Ta ɗanɗana ta ji salam, ga wani tsami-tsami. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙullin daddawarta ta Gwashi, ta marmasa, ta ƙara da yaji. Ta juya da kyau har ya tafasa, ta kwashe a kula ta rufe gam.

Abdulbasit na shigowa ta tare shi. "Yi maza ka kai tun da zahinai," in ji ta. Shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ɗaure kula da jarkoki a bayan mashin ya tafi. Zulai ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita, ta shafa turare, ta bi bayansa a ƙafa. Tana tafe tana shirya yadda za ta ce ba komai in Safiya ta zo godiya.

Ta shiga gidan Hajiya Maimunatu daidai lokacin da ake buɗe kuloli. Tsakar gida cike da mata, ƙawayen amarya a gefe da wayoyinsu, dangin ango a kan manyan tabarmi. Safiya na durƙushe a gaban kular, da alama tana mamakin yadda aka yi robarta ta koma kula. Ta ɗaga murfi. Tururi ya taso ya bugi fuskarta, warin daddawa ya cika wurin.

Akwai wata Larai a unguwar, mace mai baki kamar reza, ba a taro ba ita. Ita ta fara leƙawa.

"Inna lillahi! Safiya, wanga hwate na ko salak?"

Aka kwashe da dariya. Ƙawayen amarya suka taso suna leƙe, wata ta toshe hanci. Wata a cikinsu ta ce, "Wai dafa shi aka yi? Salak fa da sanyinsa ake ci." Hajiya Maimunatu ta zo ta duba, fuskarta ta sauya, ta saci kallon dangin ango.

Zulai na tsaye a bakin zaure, maganar yarinyar nan tana yi mata amo a kunne. Da sanyinsa ake ci. Ashe ƙanƙarar nan ba kuskure ba ce. Safiya ta ɗago kai, idonsu ya haɗu. Kallo ɗaya ta yi wa surukarta ta gane komai, don daddawar Gwashi ba ta ɓuya. Sai ta sunkuyar da kai ta mayar da murfin.

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji Safiya. "Ni na yi kuskure."

Aka ja kular aka kai bayan ɗaki. Aka shigo da Zulai da girmamawa, aka zaunar da ita cikin tsofaffi, aka kawo mata shinkafa da zoɓo. Larai ta biyo ta har nan.

"Inna, ke da kike gwanar girki, ba ki duba mata ba? Ko ɗiyan zamani ba su bari a gwada musu?"

Ga ƙofa an buɗe mata. Kalma biyu ce, ni ce, da an gama. Zulai ta buɗe baki, ta dubi dangin ango, ta dubi matan da ta cika wa kunne da labarin Bukkuyum, sai harshen ya ƙi. Ta ce, "Uhm," ta kai kofin zoɓo baki. Wata tsohuwa da ke kusa da ita ta ce, "Ni ban san abincin zamani ba, amma ai kamar datu na. Wa ka haɗa datu shi koma shi ɗora bisa wuta?" Wannan ta fi komai yi wa Zulai ciwo. Datu, wato kwaɗon zogale da na rama, ta yi su ba adadi, da ƙuli-ƙuli da albasa, ba ta taɓa tunanin ɗumama su ba. Abin a gaban idonta yake, son a ce ita ta gyara ne ya rufe mata ido. Shinkafar da aka kawo mata ko loma ba ta iya kaiwa ba.

Da magariba Safiya ta kawo mata tuwo ɗaki, ta durƙusa kamar kullum, ta ce, "Inna, ga abinci." Idanunta sun kumbura. Zulai ta so a ce yarinyar ta yi mata tsawa, ko ta dangwarar da kwanon, ko ta kai ƙara wurin mijinta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Kunyar suruka ta ɗaure bakin Safiya, kunyar abin da ta aikata ta ɗaure na Zulai, suka zauna a gida ɗaya suna gaisawa lafiya lau.

Labari kuwa ya zaga unguwa. Wata da ta riga ta yi wa Safiya maganar walimar ƙanwarta ta aiko ta ce an fasa salak. Safiya ta wanke robarta ta kife a saman kabad. Ta daina zancen sana'a, ko makarantar Islamiyya ta matan aure sai da ta yi kwanaki ba ta je ba, saboda in ta shiga sai an yi ƙus-ƙus. Zulai na ganin duk wannan daga kan tabarmarta. Ta rame. In maƙwabta suka shigo suka ja ta da zancen girki, sai ta ce kanta ke ciwo.

Wata safiya ta kasa jurewa. Ta yafa mayafi ta nufi gidan Hajiya Maimunatu. Bayan sun gaisa, ta ƙura wa tabarma ido ta ce, "Hajiya, magana ta kawo ni. Abin nan na ranar biki, ni niɗ ɗora shi bisa wuta. Yarinyar ga ba ta san komi ba. Ta aje abinta cikin ƙanƙara, ni niɗ ɗauka kuskure na."

Hajiya ta dube ta, sai idonta ya kawo ruwa. Ta kama hannunta.

"Allah sarki Inna! Wallahi irinku sun yi ƙaranci. Ita ta zaka nan ta ba ni haƙuri, yanzu ke kuma kin zaka ki ɗauke mata laihi. Wace suruka ka yin haka yau?"

"Ba ɗauke mata nika yi ba. Gaskiya ta. Wallahi..."

"A'a, kak ki rantse!" Hajiya ta ɗaga hannu. "Kak ki ja ma kanki kaffara sabadda yarinya. Ke da anka sani tun daga Gwashi hab Bukkuyum? Ke za ki yi wanga shirme? Ko ƙaramin yaro ba shi yarda."

Zulai ta yi ta maimaitawa, Hajiya na ta sa mata albarka. Bakin da ta yi ta saki a unguwa shi ne yau ya tare mata hanya. Kafin ta tashi Hajiya ta ƙara mata da wani nauyin. Matar ɗan Hajiya na gab da haihuwa, in Allah ya sauke ta lafiya, girkin suna na Inna ne, Safiya ta tsaya kusa ta koya. Abin da Zulai ta yi ta mafarki tun zuwanta Gummi ke nan, ga shi an miƙo mata, ta ji kamar an ɗora mata dutse a ƙirji. Kafin yamma labarin surukar kirki mai rufa wa matar ɗanta asiri ya kai ko'ina. Har Larai sai da ta zo ta yi mata jinjina.

Da aka haihu, Zulai ta koma wurin Hajiya ta kafa sharaɗi. Za ta yi tuwo da miya, amma sai an yi salak, kuma Safiya ce za ta yi, a nan tsakar gidan Hajiya a gaban kowa. Hajiya ta ce to, tunda Inna na wurin. Shawo kan Safiya ya fi wuya. Ta ce ita ta haƙura da wannan sana'a. Zulai ta ce, "Ban taɓa roƙon ki komi ba, ɗiyata." Safiya ta miƙe ta sauko da robar daga saman kabad.

Ranar suna Zulai ta koma Zulai. Manyan tukwane a kan wuta, ta ɗaure ƙugu da ɗankwali, tana ba da umarni, mata na gudu. Ƙamshin miyar taushe ya tsallake katanga. A inuwar darbejiya kuma Safiya na zaune da kayanta, Larai ta ja kujera ta zauna kusa da ita, wai taya ta za ta yi, alhali ido ta zo sawa. Safiya ta kama aikinta. Ta haɗa abinta tsaf. Fari da kore da ja, makaroni a warware, ta jera yankakken ƙwai a sama, ta ɗora robar a kan ƙanƙara. Larai ta ɗebi cokali ta kai baki, ta lumshe ido.

"Kai! Wanga shi na salak." Sai ta juya ta ɗaga murya. "Kun gani ko? Da yake Inna na tsaye bisa kanta. Sannu Inna, kin gyara muna yarinya!"

Mata suka amsa, sannu Inna, Allah shi biya. Wata ta ce ita in za ta yi taro Inna za ta kira, ta zo da Safiya ta riƙa yi mata yanke-yanke. Safiya ta yi murmushin dole, ta fara tattara ɓawon karas.

Zulai na riƙe da muciya ta ji duk wannan. Dabararta ta rushe. Ko a gaban idonsu yarinyar ta yi, yabon ita zai dawo wa. Ta gaya musu da baki sun ƙi ji, saura abu ɗaya, su gani da idonsu. Ta gane abin da ya rage mata, ta kuma san daga yau babu sauran gwanar Gwashi. Ta dubi tukwanenta, ta dubi matan da ke jiran umarninta. Ta jingine muciya, ta goge hannu a zane.

Ta taka har inuwar darbejiya. Ta ɗora bayan hannu a kan robar, ta yi salati da ƙarfi yadda na zaure ma zai ji.

"Yau ma cikin ƙanƙara kinka aje shi? Wanga abu ya yi sanyi ƙalau! A ba baƙi kwantai?"

Ta sunkuya ta ciccibi robar, ta juya ta nufi murhu, inda wata tukunya ke zaune ba komai a ciki.

"Ku iza mani wuta. Wata ta miƙo man gyaɗa da daddawa, yanzu in ɗumama shi kamar na rannan."

Larai ta zabura har kujera ta faɗi. "Inna! Inna, tsaya! Ba a dahwa shi!" Mata biyu suka sha gabanta. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai tafasar miya. Hajiya Maimunatu ta fito daga ɗakin mai jego, ta dubi robar, ta dubi tukunyar, ta dubi Zulai, ta kama haɓa.

"Inna... ashe da gaske kike?"

"Ai na hwaɗa miki," in ji Zulai.

Wata ce ta fara ƙyalƙyalewa, sai gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Dariya har da riƙe ciki, har da masu hawaye. Larai na tafa hannu tana cewa, "Daddawa! Wallahi na ji warin daddawa rannan, nic ce ina yarinya ta samo ta!" Wasu suka juya wurin Safiya suna ba ta haƙuri, suna cewa ashe baiwar Allah rufin asiri ta yi. Zulai na tsaye a tsakiyar gida rungume da roba, sanyinta na ratsa mata ƙirji, fuskarta kuwa kamar an watsa mata garwashi. Da gangan ta yi, amma kunyar ta gaske ce. Tunda uwarta ta haife ta ba a taɓa yi mata dariya a bakin murhu ba.

Safiya ce ta ratso mata ta zo. Ita kaɗai ba ta dariya. Ta san Inna ta riga ta san yadda ake cin salak, ta kuma san abin da ta yi yanzu. Ta ɗan rusuna, ta sa hannu a ƙarƙashin robar, hawaye na zuba.

"Inna, don mi?" ta faɗa a hankali.

"Karɓi abinki, ɗiyata. Hannuwana sun gaji."

Tuwon da Zulai ta tuƙa ran nan yana cikin mafi kyau da ta taɓa yi, ya kuma isa gaban baƙi yana tururi, amma ba wanda ya riƙe zancensa. Salak aka cinye tas, kafin a watse mata biyu sun yi wa Safiya maganar taronsu. Yanzu in ana biki a unguwar ita ake kira, har Anka an taɓa ɗaukar ta. Zulai ba a sake ba ta girkin taro ba. Suna dai ta samu, Inna Ɗumame, kuma ya bi ta. In ta shiga gidan biki sai wata ta ɗaga murya ta ce a ɓoye salak ga Inna nan. A yi dariya, ita ma ta taya su, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, domin har yau abin bai daina yi mata zafi ba. Matan unguwa sun tafi a kan cewa tsohuwar ƙauye ce da aka gaya wa sau ɗaya ba ta gane ba. Ita da Safiya ba su taɓa gyara musu ba.